Karayar ƙafa ba tare da hatsari ba: wace lamba za a sa mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin kati na wani ƙaramin asibitin kuɗi a wajen Agege, ban cika shekara da farawa ba. An kawo mana wata dattijuwa mai ciwon suga, ƙafarta ta dama ta kumbura, hoto ya nuna ƙashin metatasal na biyu, ɗaya daga dogayen ƙasusuwan tsakiyar ƙafa, ya karye. Ta ce ba abin da ya buge ta, saukowa kawai ta yi daga dakali za ta je alwala. Likita ya rubuta karaya, ya rubuta tana da suga, shi ke nan. Na sa lambar cuta S92.3 a takardar neman biya, sai kamfanin inshorar lafiya (HMO) ya dawo da takardar yana tambayar wane irin hatsari ne. Abokin aikina ya duba intanet ya ce M84.674A ce daidai, amma kwamfutarmu ta ƙi karɓarta. Wacce zan sa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata, sannu da aiki. Na haura shekara 20 a ɗakin kati a nan Legas, na gwamnati da na kuɗi, kuma irin wannan fayil ɗin ya sha kwana a kan teburina. A yadda naki yake yanzu, kada ki tura ko ɗaya daga cikin lambobin nan biyu. S92.3 ta bi rubutun likita, sai dai labarin Hajiya bai yi kama da nata ba. M84.674A kuwa da alama ba daga littafinku ta fito ba, sannan ta faɗi maganar da likita bai faɗa ba. Maganin abin yana wurin likitan da ya duba ta, jimla ɗaya ce za ki karɓo daga hannunsa. Amma sai kin san wace jimla kike nema.

Mu fara kawar da mai sauƙin, wato abin da ya sa kwamfutarku ta tofar da lambar abokin aikinki. Suna ɗaya ne, ICD-10, wato littafin lambobin cututtuka, amma littafi biyu ke yawo da shi. Akwai na asali, na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994. Akwai kuma wanda Amurka ta ɗauka ta faɗaɗa domin asibitocinta da kamfanonin inshorarta, ICD-10-CM, wanda ya fara aiki a can ranar 1 ga Oktoba, 2015. Duk wanda ya buga sunan cuta a Google, shafukan Amurka ne ke fara tarbarsa, sai ya kwafo lamba mai harafi bakwai ya kawo wa manhajar da ba ta san komai ba bayan huɗu ko biyar. Buɗe littafin Hukumar Lafiya ki duba M84. Za ki ga .0 da .1 da .2 da .3 da .4, daga nan sai ki tsallaka .8 da .9. Babu M84.5, babu M84.6. Amurkawa ne suka ƙirƙiro waɗannan biyun. Kwamfutarku ba ta lalace ba.

Duk da haka yana da kyau ki iya karanta lambar, domin wasu manhajojin asibiti da ake sayowa da jerin Amurka suke zuwa, kuma akwai yaranmu da ke zaune a Legas suna yi wa kamfanonin can aikin lamba ta intanet. M84.6 tana nufin ƙashi ya karye saboda wata cuta wadda ba zaizayar ƙashi ba ce, ba kuma ƙari ko ciwon daji ba. Bakwai ɗin da ke biye tana nuna idon sawu da ƙafa. Lamba ta shida ita ke raba su: 1 idon sawun dama, 2 na hagu, 3 ba a faɗi ɓangare ba, 4 ƙafar dama, 5 ta hagu, 6 ba a faɗa ba. Harafin ƙarshe na matakin jinya ne, zan dawo kansa. Kuma a ƙarƙashin M84.6 an rubuta cewa a haɗa da lambar cutar da ta jawo. Ke nan ko a Amurka ma, M84.674A ita kaɗai rabin magana ce.

Ga wani rami da na ga gwanaye sun faɗa. A littafin Hukumar Lafiya, babin ƙashi da gaɓoɓi yana da lambar wuri da ake liƙawa a ƙarshe, daga 0 zuwa 9, kuma 7 ita ce idon sawu da ƙafa. Saboda haka M84.47 cikakkiyar lamba ce a can, karayar cuta a ƙafa ko idon sawu, ba ruwanta da dama ko hagu. A littafin Amurka ma akwai M84.47, amma guntuwa ce, sai an cike ta, misali M84.474A, kuma ana amfani da ita ne idan likita ya ce karayar cuta ce bai faɗi wace cuta ba. Fuska ɗaya, aiki daban. Shi kuma ICD-11, da aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022, tsarin lambobinsa dabam ne ɗungurungum, ki bar shi sai ranar da asibitinku ya koma kansa.

Yanzu ga gundarin maganar. Ƙafa, daga dunduniya zuwa yatsu, ƙashi 26 ne: 7 a baya, dogayen tsakiya 5 da ake kira metatasal, sai 14 na yatsu. Idan ƙarfi daga waje ya karya lafiyayyen ƙashi a cikinsu, babi na 19 na raunuka ake zuwa, wato S92. Dunduniya S92.0, metatasal S92.3, babban yatsa S92.4, sauran yatsu S92.5. Irin su ne ke cika layi a asibitin ƙashi na Igbobi: wanda babur ya take, wanda buhu ya faɗo wa, magini da ya rikito daga bene ya dira da dunduniya. Lambar S kuma ba ta tafiya ita kaɗai, tana neman abokiya daga babi na 20 da za ta faɗi yadda abin ya faru, W20 idan wani abu ne ya faɗo wa mutum, W10 idan daga matakala ya faɗo, V02 idan mai tafiya a ƙasa ne babur ko keke-napep ya buge. Wannan abokiyar ce kamfanin HMO yake tambayarki, kuma yana da gaskiya. Kin ce masa rauni ne, shi ne ya ce to ina hatsarin.

Amma tun a farkon babi na 19, wurin da aka yi bayanin karaya, an cire wasu an ce ba nan ne gidansu ba: karayar cuta ta tafi M84.4, ta zaizayar ƙashi ta tafi M80, ta gajiyar ƙashi ta tafi M84.3. Ma'aunin da ke raba su tambaya ɗaya ce tak. Abin da ya sami mutumin nan, da lafiyayyen ƙashi ya sama, zai karye? Mutum nawa ne ke sauka daga dakali sau biyar a rana su je alwala, shekara da shekaru, ba abin da ya same su? In ƙafa ta karye a nan, ruwa ba ya tsami banza.

Bari in ba ki labarin da ya buɗe mini ido. A wani asibiti da na taɓa aiki, ni kaɗai ce mai jin Hausa a ma'aikatan safe, don haka duk ranar da aka kawo mutanenmu daga Mile 12 ko Idi-Araba, ni ake kira tafinta. Rannan aka kawo wani dattijo mai sayar da albasa, ɗansa ya goyo shi. Kafin in iso yaron ya riga ya gaya wa likita da guntun Turancinsa na kasuwa cewa baba ya faɗi, likita kuma ya rubuta faɗuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, garin yaya ka faɗi?" Ya dube ni ya ce, "'Yata, ai lokacin ban faɗi ba tukuna. Miƙewa na yi daga kan buzu, na ji ƙas a ƙafata kamar an karya kara, sannan na zube." Na juya wa likita maganar yadda take. Ya ajiye biro, ya ce in sake tambayarsa. Amsa ɗaya. Gwajin jinin da aka yi daga baya ya nuna ƙodar dattijon ta daɗe da gajiya, ita ce ta cinye masa ƙashi a hankali. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da na koma ɗakin kati na zaro fayil ɗinsa, sai na tarar wata takwas kafin nan ya zo da wata karayar a ɗaya ƙafar, an rubuta faɗuwa, kuma rubutun hannuna ne ya sa mata S92.3. Tun daga ranar, duk fayil ɗin da na ga faɗuwa a ciki ga tsoho ko mai doguwar jinya, sai na tambayi kaina, faɗuwar ce ta karya ƙafar, ko karayar ce ta kayar da shi?

Sai dai ki lura da iyakarmu. Ni ba ni na ce dattijon nan karayar cuta gare shi ba, likita ne ya faɗa ya rubuta. Mai sa lamba ba ya gano cuta. Ko da kin ga hoto da idonki, ko da kin tabbata a ranki, ba ki da hurumin haɗa suga da karaya ki ce wannan ya jawo wancan. Mai ciwon suga ma babur na buge shi, ya karye irin karayar kowa. Cuta biyu a fayil ɗaya ba hujja ba ce cewa ɗaya ta haifi ɗaya. Nan ne abokin aikinki ya yi azarɓaɓi.

To idan likita ya ce karayar cuta ce, sai ki ga wace ƙofa za ki shiga, kuma ta farko da zan fara dubawa ga mace mai shekarun Hajiya ita ce zaizayar ƙashi, ostiyoforosis a bakin likitoci. Mata bayan ɗaukewar al'ada su ta fi kamawa. Wannan ba ta shiga M84 ko kaɗan, tana da gidanta, M80, kuma lamba ɗaya ce ke ɗauke da cutar da karayar tare. A littafin Hukumar Lafiya, M80.0 ta bayan ɗaukewar al'ada ce, M80.4 ta magani, M80.9 wadda ba a faɗi iri ba, sai ki liƙa 7 ta wuri, ta zama kamar M80.07. A na Amurka, ta tsufa a ƙafar dama M80.071A ce, ta hagu M80.072A, a nan ba su raba idon sawu da ƙafa ba. Ƙa'idarsu ta fito fili a kan wannan: wanda aka riga aka san yana da zaizayar ƙashi, in ya ɗan faɗi faɗuwar da ba za ta karya lafiyayyen ƙashi ba, M80 ake sa masa, ba lambar rauni ba. Kuskuren da na fi gani shi ne a sa M81 a haɗa da S92. M81 ta wanda ke da cutar ne amma ba karaya a jikinsa a halin yanzu.

M80.4 ɗin nan kada ki raina ta. Magungunan sitiroyid irin su firednisolon da dekzametazon, in aka daɗe ana sha, suna rarake ƙashi. Akwai masu asma da masu ciwon gaɓoɓi da likita ya ɗora a kai, akwai kuma matanmu da ke sayen sha-ka-fashe a kemis don su yi ƙiba, ba kuma za su gaya wa likita namiji ba sai an lallaba. Idan likita ne ya rubuta maganin, aka sha yadda ya ce, ya yi wannan illar, ana ƙara Y42.0 don a nuna shi.

Ƙofa ta biyu ciwon daji ne ko wani ƙari a ƙashi. A ƙafa ba kasafai ake ganinsa ba, dajin mama ko na mafitsarar maza in zai bazu ya fi son ƙashin baya da ƙugu da cinya, shi ya sa ba zan daɗe a nan ba. Amma wurin ne za ki koyi alamomin nan biyu na littafin Hukumar Lafiya, takobi † da tauraro *. Takobi na cutar asali ne, tauraro na yadda ta bayyana a wata gaɓa. Karayar da daji ya jawo M90.7* ce, kuma lamba mai tauraro ba ta taɓa tsayuwa ita kaɗai, sai kin kawo mai takobin, misali C79.5 idan dajin daga wani wuri ya bazu zuwa ƙashi, tare da lambar inda ya faro. Amurkawa ba su da takobi da tauraro. Su M84.574A za su sa wa ƙafar dama, kuma wadda za ta zo a farko ta danganta da abin da ya kawo mara lafiya ranar: in karayar ake yi wa aiki ita ce gaba, in dajin ake yi wa magani shi ne gaba.

Duk sauran cututtuka, a littafinku M84.47 ce tare da lambar cutar, a na Amurka kuma nan ne gidan M84.67. A nan Najeriya wannan ƙofar ta fi faɗi fiye da yadda littattafan waje ke nunawa. Mu ne muka fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, kuma mai sikila ƙashinsa na saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Ƙashin da ya daɗe yana ruɓa yana fitar da mugunya, ƙaramin abu ke karya shi. A irin wannan za ki ga M84.47 da M86.4 ta ruɓewar ƙashi mai fitar da mugunya da D57.1 ta sikila a layi ɗaya, idan haka likita ya jera su. Mai ciwon ƙoda irin dattijon albasa, N25.0 ce ke bayyana lalacewar ƙashinsa, a haɗa da lambar matakin ƙodar daga N18. Tarin fuka na shiga ƙashi, A18.0† da M90.0*. Taushin ƙashin manya M83 ne. Wani ɗan abu ga mai aiki da littafin Amurka: M84.47 tana da lambobin yatsu nata daban, .477 zuwa .479, amma M84.67 ta tsaya a .676, yatsa a can cikin ƙafa yake shiga.

Mu dawo kan Hajiyarki da sugarta, don nan ne zuciyata ta fi karkata, ko da yake karkatar zuciyata ba lamba ba ce. Suga in ta daɗe tana kashe jijiyoyin ji na ƙafa. Mutum ya daina jin zafi, ya riƙa taka ƙafar da ta tsage bai sani ba, ƙananan ƙasusuwa su yi ta farfashewa, gaɓoɓi su goce. Ana kiran wannan ƙafar Shako, da sunan wani likitan jijiyoyi na Faransa da ya bayyana irinta a 1868 a jikin masu tunjere. Kuturta ma na kawo ta, amma yau suga ce kan gaba. Ƙafar kan kumbura, ta yi ja, ta yi zafi in an taɓa, mai ita kuwa yana tafiyarsa yana cewa sanyi ne. In ba a ɗauke mata nauyi da wuri ba, bakan tafin ƙafar ya rushe, tsakiyarta ta turo ƙasa kamar gindin ƙwarya, daga nan sai gyambo, wani lokacin har a kai ga yankewa. Kin ce ƙafar ta kumbura, ba ki ce Hajiya na kukan ciwo ba. Duba rubutun nas-nas, sukan rubuta abin da likita ya tsallake.

Idan likita ya tabbatar Shako ce, a littafinku lambarta E11.6† da M14.6* ga mai suga nau'i na biyu, in kuma ya rubuta cewa karayar daga nan ta taso, ki ƙara M84.47. A na Amurka lamba ɗaya ce ta haɗa sugar da gaɓar, E11.610, sannan ne M84.674A ta abokin aikinki za ta sami wurin zama kusa da ita. Kin ga wataƙila canki-cankarsa ta faɗa daidai, amma da ka ya yi ta, kuma a littafin da ba naku ba. Kada ki rikita M14.6* da M14.2*, ta biyun ciwon gaɓar suga ce wadda ba ta hanyar mutuwar jijiya ta zo ba.

Akwai 'yar'uwarsu da ke kama da su a hoto amma dangi daban, karayar gajiya. A nan ƙashin lafiya ƙalau yake, aikin ne ya yi masa yawa kullum-kullum har ya tsage, kuma metatasal na biyu da na uku ta fi so. An daɗe ana ganinta ga sojoji masu maci. A nan za ki gan ta ga ɗan dako mai sauke kwandunan tumatir tun asuba, ko ɗan bautar ƙasa da bai saba ba aka sa shi fareti a sansanin Iyana Ipaja. Lambarta M84.3, ta zama M84.37 da wuri, a na Amurka M84.374A ga ƙafar dama. Ga dattijuwar da iyakarta tsakar gida ba ita zan fara zato ba.

Harafin ƙarshe na littafin Amurka, wanda na ce zan dawo kansa, guda shida ne a karayar cuta. A na lokacin da ake tsaka da yi wa karayar aiki ne. D bibiya ce bayan an gama, ƙashi na haɗewa yadda ya kamata. G yana jan ƙafa wajen haɗewa, K ya ƙi haɗewa, P ya haɗe a karkace, S kuma matsalar da ta rage bayan warkewa. Mutane na ɗauka A zuwan farko ce, D zuwa na biyu, alhali ba ƙirga zuwa ake yi ba. Ko sau uku mutum ya zo, ko likitoci uku suka gan shi, muddin aikin gyaran ake yi, A ce. Ranar da ya dawo don a cire masa ɗauri ko a ɗauki hoton duba haɗewa, ta zama D. Wannan ya shafe mu sosai, don mutanenmu ba asibiti suke fara zuwa ba. Mai ɗori ake fara kai wa, ya ja, ya shafa, ya jera karare ya ɗaure, sai bayan sati shida abin ya ƙi a taho. Zuwa a makare bai mai da shi D ba idan yanzu ne za a fara aikin. In kuma likita ya duba ya rubuta cewa ya riga ya haɗe a karkace ko ya ƙi haɗewa, wannan rubutun za ki bi. Littafin Hukumar Lafiya ba shi da haruffan nan, shi lambobi ya ware: M84.0 haɗewa a karkace, M84.1 ƙin haɗewa, M84.2 jinkiri. Kuma ba don in ɓata sana'ar kowa ba, ƙafar mai suga da ba ta jin zafi, in aka matse ta da karare, mai ita ba zai san jini ya tsaya ba sai ta sauya launi.

To ga abin yi gobe da safe. Ki ɗauki 'yar takarda, ki sa lambar kati da kwanan wata, ki maƙala a gaban fayil. Da Turanci za ki rubuta, amma ga ma'anar: "Likita, an rubuta karayar metatasal na biyu na ƙafar dama ga mai ciwon suga, bayan saukowa daga dakali. Don Allah a bayyana ko wannan karayar rauni ce, ko ta cuta, ko ta gajiyar ƙashi, ko ba a tantance ba tukuna. Idan ta cuta ce, wace cuta?" Ki lura ban ce "ko ba Shako ba ce?" Tambayar da ta sa wa likita amsa a baki ba tambaya ba ce, kuma mai binciken takardu in ya gan ta zai ce ke kika ja shi. Amsar kuma a cikin fayil zai rubuta ta, sabon layi da kwanan wata da sa hannu. Kada ya goge na da, kada ki karɓi amsar baki a baranda yana sauri. Na san wasu likitocin kan ɗaure fuska in ƙaramar ma'aikaciya ta kawo musu irin wannan. Ki same shi bayan ya sallami layi, ki ce kamfani ne ya dawo da takarda, wannan kalmar na saurin sanyaya su. In Hajiya ba ta jin Turanci ko Yarabanci sosai, ki nemi izini ki tsaya tafinta ranar da za ta dawo, ki tambaye ta da ladabi, "Hajiya, kin fara jin ƙarar ne kafin ki zauna, ko gurɗewa kika yi?"

In likita ya ce rauni ne, ta gurɗe ko ta zame da ƙarfi, S92.3 ɗinki na nan daram, ki ƙara mata lambar babi na 20 da ta dace da abin da ya rubuta, ki sa sugar a matsayin cutar da ke tare. In manhajarku na karɓar lamba ta biyar a nan, 0 rufaffiyar karaya ce, 1 wadda ta fasa fata, wadda ba a faɗa ba kuma rufaffiya ake ɗauka. In ya ce zaizayar ƙashi ce, M80 da 7 a ƙarshe. In ya ce Shako, kin ga jerin a sama. In ya ce ta cuta ce amma sai an yi gwaji kafin a san wacce, M84.47 ta isa a yanzu, a gyara a zuwa na gaba.

Maganar kuɗi kuma. Tun da dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ga kuma shirin inshorar Ilera Eko na gwamnatin jihar Legas a ƙarƙashin hukumar LASHMA, takardun neman biya sai ƙaruwa suke, kuma matsin da ke kanmu shi ne a sa duk lambar da za ta wuce. Za a zo a raɗa miki cewa ki ƙirƙiro faɗuwa a matakala ki cike gurbin, takarda ta tafi. Kada ki yarda. Sunanki ne a ƙasan takardar ranar da aka zo bincike, kuma likitan da zai buɗe fayil ɗin Hajiya baɗi zai ga hatsari ya wuce, kamar yadda aka wuce dattijon albasa. Ki kira mai kula da asibitinku a kamfanin, ki gaya masa takardar na jiran ƙarin bayanin likita, ki tambaye shi wa'adin sake turawa, sannan ki tambaye shi kai tsaye wane littafi suke karɓa, na Hukumar Lafiya ko na Amurka. Ki rubuta amsar kowane kamfani a kwali ki manna a bango kusa da kwamfuta, don ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba.

Kafin ki mayar da fayil ɗin kan kanta, ɗaga hoton ki duba harafin da ke kusurwarsa, R ne ko L, ki gwada da abin da likita ya rubuta da abin da kika cike a takardar farko. Littafinku ba ya tambayar dama ko hagu, amma mai duba takarda a kamfanin zai tambaya.